Kurakuran masu neman gurbin besbol a makarantun sojan Amurka

Kuskuren da ya fi ɓata wa yara shekara shi ne ɗaukar maganar koci tamkar takardar shiga makaranta. A makarantar sojan ƙasa ta West Point, ko makarantar sojan ruwa ta Annapolis, ko ta sojan sama da ke Colorado Springs, koci zai iya sa sunan yaro cikin waɗanda yake so, amma ba shi ke buɗe ƙofa ba. Mafi yawan masu shiga sai sun sami shaidar goyon baya daga ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsu, ko sanatan jiharsu, ko mataimakin shugaban ƙasa. Ofisoshin 'yan majalisa kan rufe karɓar takardu tun farkon ajin ƙarshe na sakandare, don haka a nemi dukkansu tun yaro yana ajin da ke kafin na ƙarshe.

Iyaye kuma su daina tambayar nawa za a biya yaro saboda wasa. Makarantun nan ba sa ba da tallafin karatu na 'yan wasa, domin kowa kyauta yake karatu, har da alawus na wata-wata. Abin da ake biya shi ne shekara 5 a bakin aikin soja bayan kammalawa. Dole yaron ya zama ɗan ƙasar Amurka, mara aure, tsakanin shekara 17 zuwa 23.

Inda na fi jin takaici shi ne gwajin lafiya na DoDMERB, hukumar ma'aikatar tsaro da ke duba lafiyar masu neman shiga. Masu jifan ƙwallo da yawa sun taɓa yin tiyatar gwiwar hannu ko kafaɗa, wasu kuma suna da tarihin asma bayan shekara 13, sai su ɓoye. Kada a ɓoye. Ana iya neman sassauci, amma yana cin watanni, kuma sai da cikakkun takardun asibiti. Wanda ya bayyana da wuri ya fi wanda aka gano daga baya.

Gwajin ƙarfin jiki ma ba na rainawa ba ne: abu 6 ne a jere, har da gudun mil ɗaya da ɗaga jiki a kan sandar ƙarfe. Ƙarfin jifa bai isa ba.

Sai mafarkin zama ƙwararren ɗan wasa. Ƙungiyar Boston Red Sox ta ɗauki Noah Song na Annapolis a 2019, amma sai da ya tafi koyon tuƙin jirgi, bai dawo fili ba sai 2023. Paul Skenes kuwa ya bar makarantar sojan sama bayan shekara 2, kafin alƙawarin aikin ya hau kansa, ya koma jami'ar jihar Louisiana (LSU), ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023. Dokar barin ɗaliban makarantun nan su tafi wasan ƙwararru takan sauya, don haka a tambayi koci yadda take a shekarar, kuma a zauna da yaron a ji daga bakinsa ko zai yarda ya sa kaki ko da bai sake riƙe ƙwallo ba.