Yadda ake bin diddigin tarihin kakan da ya je yaƙin Bama (Burma), a Yaƙin Duniya na Biyu

Kafin ka tambayi kowa komai, nemi lambar sojansa. Duba takardar sallama a tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe. Lambar sojan Najeriya na lokacin Turawa kan fara da NA. Ba tare da ita ba, suna kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, domin akawun bariki yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan garinsu a madadin na uba. Mai suna ɗaya da gari ɗaya kuwa sun yi yawa. Rubutun ma yakan sauya: Audu a wata takarda, Abdu a wata, Mamman nan, Momo can. Gwada dukkansu.

Lambobin yabo na ƙirji ba sa ɗauke da suna, don haka ba hujja ba ce cewa nasa ne. Amma suna nuna fagen daga. Burma Star na nufin Bama ta Asiya, ba ta Barno ba. Africa Star kuwa yawanci yaƙin Gabashin Afirka ne, inda sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941.

Sannan ka zauna da tsofaffi, ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su wuri guda, babban zai yi magana sauran su yi shiru don kara. Fara da gwaggo ko inna, su ne suka riƙe sunayen mata, da 'ya'yan kowane ɗaki, da wanda ya rasu a goye. Kada ka tambayi shekara. Ce: "Gwaggo, da ya dawo, wa ke sarauta? An haifi Baba ko tukuna?" Daga baya sai ka lissafa, a Kano, misali, Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Ɗauki murya a waya, ka faɗi kwanan wata da sunan mai magana a farko.

Kasa kunne ga sunayen wurare, ko da baki ya karkatar da su. Kaladan, wani kwari a Bama, na nuna runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ce, a 1944. Myohaung kuwa Janairun 1945 ne, inda ta 81 da ta 82 suka haɗu. In an ce Cindit, wato sojojin da aka tura bayan layin Japanawa, birged ta 3 ta Afirka ta Yamma ke nan.

Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa da lambarsa a shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojoji, kyauta ne. Littattafan aikin yau da kullum na bataliyoyin Bama suna ma'adanar Kew a Ingila, rukunin WO 172, sai dai ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba. A gida, a tuntuɓi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, na jiha da ma'adanar tarihi ta Kaduna.

Takardun kuwa, kada a kai su a like da leda mai zafi, tawada na lalacewa kuma ba a iya ɓarewa. Shimfiɗa su a inuwa lokacin da gari ke da haske, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka sa su a ambulan, nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina.