Darasi na 7: Na'urar Awon Ruwa a Tankin Masana'anta

Tankin masana'anta a rufe yake, ba a leƙa cikinsa. Wani ruwa ne a ciki, wani fetur, wani man gyaɗa, wani kuma sinadarin da ko shaƙarsa ba a so. A gidajen mai har yanzu ana zura sandar awo a ga inda mai ya tsaya. A manyan ma'aikatu kuwa na'urar lantarki ce ke wannan aiki dare da rana, tana aika lamba zuwa allon ɗakin kula, kwamfuta tana adanawa.

Mafi sauƙinsu ita ce mai ƙwallo. Ƙwallon yana yawo a saman ruwa; in ruwa ya ɗaga shi zuwa wani matsayi, sai ya kashe injin tura ruwa. Akwai wadda ake ɗaurawa a gindin tanki, tana auna nauyin abin da ke danne ta. Ita wannan a kula da ita: fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka in an saita ta da ruwa aka zuba fetur, za ta nuna ƙasa da abin da ke ciki. Sai wadda ke saman tanki, tana tura sauti ƙasa, tana lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kamar mai magana a bakin rijiya yana jiran amsa-kuwwa. Kumfa da tururi suna rikita ta, shi ya sa a tankunan mai aka fi son mai rada, wato wadda ke tura igiyar rediyo maimakon sauti.

Yanzu ga wurin da lissafinmu zai yi amfani. Yawancin na'urorin nan suna aika saƙo ta waya da ƙaramar wuta, daga 4 zuwa 20, a ma'aunin da ake rubutawa mA. In allo ya nuna 4, tanki ba kome. In ya nuna 20, ya cika. Rabi kuwa 12 ne, ba 10 ba. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Dabara ce: in aka ga 0, an san waya ce ta tsinke ko wuta ta ɗauke, ba wai tanki ne ya ƙare ba.

Amma na'ura tana maƙalewa. Ranar 11 ga Disamba, 2005, a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila, ana cika tanki mai lamba 912 da fetur cikin dare. Wajen ƙarfe 3 lambar da ke allo ta tsaya cak, alhali mai yana ta shiga. Da yake lambar ba ta hau ba, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Akwai na'ura ta biyu can sama, wadda aikinta ta rufe bawul in tanki ya kusa tumbatsa, amma ba a mayar da kwaɗon da ke riƙe hannunta a daidai ba, ita ma ba ta yi aiki ba. Fetur kimanin tan 300 ya malalo, da ƙarfe 6 na safe wurin ya yi bindiga. Fiye da mutum 40 suka ji rauni, ba a rasa rai ba, wuta ta yi kwanaki tana ci. Bincike ya nuna ma'aunin ya sha maƙalewa a watannin baya, ana taɓa shi ya tashi, ba a yi masa gyaran gaske ba. A ganina nan ne babban sakacin yake.

Saboda haka, in kana bakin aiki, injin yana turi amma lamba ba ta motsi, kada ka ce lafiya. Ka tsayar da turin, ka sanar da shugaban aiki, ka rubuta a littafi da lokacin da ka gani.

Aikin yi: wani tanki tsawonsa mita 8 ne. Ruwa ya kai mita nawa in allo ya nuna 12 mA? In ya nuna 16 fa? Ku rubuta amsa, ku gwada da ta na kusa da ku.