Babi na Bakwai: Idan Aka Buge Yaronka a Dambe

Darasi na 1: Daren da abin ya faru

Ku buɗe littafi, kowa ya ɗora yatsa a kan layi, mu karanta tare sannu a hankali. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, tambaya ba abin kunya ba ce.

Yaronka ya sa zare, a turmi na biyu aka shimfiɗe shi ƙasa. An yi kisa, wato kayarwa a dambe, makaɗa sun bi wanda ya yi nasara, kai kuma an bar ka da naka. Kada ka fara da faɗa. Zaunar da shi, ka kwance masa zaren hannu, sannan ka tambaye shi sunansa, da garin da kuke, da wanda ya dambata da shi. In ya kasa amsawa, ko yana ta nanata tambaya guda, to ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Naushin haɓa yakan kaɗa kai, sai ƙwaƙwalwa ta bugi ƙashi daga ciki. Wannan rauni ido ba ya ganinsa.

Kwana biyu na farko kada a bar shi shi kaɗai, kada ya hau babur. In ka ga amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko ruwa ko jini na fita ta kunne, ko farfaɗiya, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ban da tiramadol, ban da asfirin, domin asfirin na tsinka jini.

Darasi na 2: Kwana 30

A nan ne kuka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

A damben zamani, wanda aka sumar da naushi ana dakatar da shi aƙalla kwana 30. Mu ma da wannan za mu yi aiki. Ɗauki fensir. Rubuta 3, ka sa sifili a damansa. Talatin ke nan. In ka sa sifilin a hagu, uku ka rubuta. Goge ka sake, ba komai, haka kowa ya fara.

Yanzu ɗauko kalanda. Nemo ranar da aka buge shi, ka zagaye ta. Ƙirga daga washegari, gida ɗaya rana ɗaya. In watan ya ƙare, juya shafi ka ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka koma ɗaya. Inda ka kai 30, zagaye nan ma. Tsakanin zagaye biyun nan babu sa zare, babu gwaji da aboki, ko na wasa ne. Kullum da asuba ka soke gida ɗaya.

Mu sake. Kwana nawa? Talatin. Daga yaushe? Daga washegari. In ya ce ya warke a rana ta biyar fa? Talatin. In ciwon kai bai daina ba bayan talatin ɗin, a ƙara, likita ya duba shi.

Wallahi wasunku suna ba ni haushi. Wani dattijo a ajina ya rubuta 30 da hannunsa, kyakkyawan rubutu, amma da mako ya zagayo aka ce akwai kuɗi a wasa, ya saki ɗansa. Na je duba yaron, na same shi kwance a soro ya rufe ido da hula, ko hasken ƙofa ba ya iya kallo. Na ce, “Baba, ina talatin ɗinmu?” Ya sunkuyar da kai. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba, bugu na biyu na iya nakasa ta, yana ma iya kisa na gaske. Ku sake rubuta 30 sau biyar.

Darasi na 3: Me ya kayar da shi?

Zai ji kunya, zai ƙaurace wa majalisa saboda ba'a. Ku ci tuwo tare, ka karanta masa wannan.

A 1936, a birnin New York na Amurka, Bajamushe Max Schmeling ya buge Ba'amurke Joe Louis a turmi na 12. Louis yana da shekara 22, ba a taɓa cin sa ba tun da ya shiga damben kuɗi. Schmeling ya lura cewa yana sauke hannun hagu bayan ya kai naushi, ta nan ya riƙa shiga da dama. A 1937 Louis ya zama zakaran duniya, a 1938 suka sake haɗuwa, ya gama da Schmeling cikin minti 2 da daƙiƙa 4.

Ku nemi bidiyon wasan yaronka a waya, ku kalla tare. Garkuwa ya sauke, wato hannun da yake kare kansa da shi? Ƙafa ya haɗe? Kuskure ɗaya za ku zaɓa, shi za a gyara.

Darasi na 4: Komawa fage

Tafiya tukuna, sai gudu, sai dukan buhu. In jiri ya dawo, a tsaya. Wasan farko a haɗa shi da sa'ansa.

Darasi na 5: Aikin gida

An buge yaro ranar 10 ga Maris. Rubuta ranar da kwana 30 za su cika.