Watanka na farko a Garanada: abin da za ka fara yi da abin da zai iya jira

Duk zuwan da zan yi hutu Katsina, samarin unguwarmu da ke neman karatu a Sifaniya tambayarsu ba ta wuce nawa ake kashewa a wata. Kuɗi kam dole ne, amma abin da na ga ya fi wahalar da sabon zuwa shi ne rashin sanin wace takarda ce ke gaba da wace. To ƙanena, ga yadda abin yake a Garanada, inda nake zaune.

Fara da jakarka tun kana gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara, don haka kilishi da man shanun da Inna ta tanadar maka, ka bar wa ƙanne su yi shagali. Ni dai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji nake ɗauka. Shinkafa, tumatir da albasa suna nan birjik a manyan kantunan Mercadona da Lidl, kada ka cika kaya da su.

Da ka sauka, gida shi ne farko, domin sauran takardun duk a kansa suka rataya. Jami'ar Garanada tsohuwa ce, tun 1531, kuma ɗalibanta na cika garin a watan Satumba, saboda haka ka fara duba ɗaki a shafin intanet na neman haya, Idealista, kafin ka taso. Amma kada ka tura wa kowa ko yuro ɗaya kafin idonka ya ga ɗakin. Za a karɓi kuɗin ajiya na wata guda, wanda suke kira fianza. Ka dage a ba ka yarjejeniya a rubuce da sunanka, ka kuma tambayi mai gida baki da baki ko ya yarda ka yi rajistar zama da adireshin. In ya fara kame-kame, tashi ka nemi wani, ko da nasa ya fi araha. Tambayi kuma me ake ɗumama ɗakin da shi. Garin na gindin tsaunukan Sierra Nevada, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da na'urar ɗumi, har cikin ɗaki kan fi waje sanyi a Janairu.

Da yarjejeniyar da fasfo sai ka nufi ofishin ƙaramar hukuma, ayuntamiento, ka yi rajistar da ake kira padrón. Da wannan shaidar za ka nemi katin zama na baƙi, TIE, wajen 'yan sandan ƙasa, kuma doka ta ba ka wata ɗaya ne daga ranar shigowarka. Za ka cike fom EX-17, ka biya kuɗin fom 790 mai lamba 012 a banki, ka tafi da hoto da fasfo a ɗauki zanen yatsunka. Inda gizo ke saƙar shi ne samun ranar ganawa, cita previa, wadda ta intanet ake nema kuma takan yi wuya. Fara nema tun ranar da ka sauka, safe da dare. Kyauta ce, duk da akwai masu sayar da ita a bayan fage. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, don ma'aikacin ba zai tashi ya yi maka ba.

Sai kuma agogo. Lokacin sanyi ƙarfenmu ɗaya da Najeriya, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa guda. A watan Yuni rana kan kai wajen tara da rabi na dare ba ta faɗi ba, ka ga Isha sai sha ɗaya ta wuce. Abincin rana ƙarfe biyu zuwa uku ne, na dare tara ko goma. Ƙananan shaguna kan rufe daga biyu zuwa biyar, ofisoshin gwamnati galibi da safe kawai suke ganin jama'a, Lahadi kuwa yawancin kantuna a garƙame suke. Yi cefanenka ranar Asabar.

Batun abinci na buƙatar natsuwa, don alade ya ratsa girkinsu sosai. Haddace waɗannan sunayen kayan alade kafin ka iya gaisuwa ma: cerdo, jamón, chorizo, tocino, da manteca, wato kitsen alade, wanda ake sakawa har a kayan zaƙin Kirsimeti irin su polvorones. Karanta bayan leda kafin ka saya. A gidan abinci faɗin "ba na cin nama" bai wadatar ba, domin wasu ba sa lissafa jamón a cikin nama, ambaci sunansa. A Garanada in ka sayi ko da lemo ne ana haɗo maka ɗan abinci kyauta, tapa, sai ka yi maza ka ce na kifi ko dankali kake so. Naman yanka kuwa yana mahautan 'yan Maroko, kuma a nan za ka ji labarin masallacin da ya fi kusa da kai.

Gaisuwarsu sumba biyu ce a kumatu, har tsakanin namiji da mace. In ba ka so, ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi tun daga nesa. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da haka ba.

Yawon buɗe ido zai iya jira har takardu su kammala, amma tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na garin, ka saya da wuri, don yakan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanka ake buga shi, sai da fasfo ake shiga, kuma fadar sarakunan Banu Nasr tana da ƙayyadadden lokaci: ka makara, ka rasa. A bangonta za ka karanta "Wa la galiba illallah" da kanka, albarkacin makarantar allo, alhali Turawa na jiran mai fassara. Mulkin Banu Nasr ya ƙare a 1492. Ranar Juma'a hau unguwar Albaicín, mai lunguna kamar na cikin gari wajen Gobarau, ka yi salla a babban masallacin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhambra.

In ka samu sarari, motar bas ta kamfanin ALSA za ta kai ka birnin Kurɗuba ka ga masallacin da Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785. Yanzu coci ne, ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, kuma masu gadi na sa ido. Tambayi inda za ka yi Azahar a gari kafin ka shiga.