Yadda ake ajiye kwafin fayiloli: ta danna maɓalli ko ta rubuta umarni

Kwamfuta na shan wuya a Sakkwato. Zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Mai shagon buga takardu, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke rubuta kundin kammala karatu, bai dace ya bar aikinsa a faifai ɗaya tak ba. Ana ajiye kwafi ta hanya biyu: manhaja mai maɓallan dannawa, ko baƙin allon da ake rubuta wa umarni.

Da farko ka tanadi faifan ajiya na waje, wanda girmansa ya fi na abin da za ka adana. Filashin da ke yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan bai dace da wannan aiki ba, domin shi ne kan kwaso ƙwayar cutar kwamfuta.

Sai ka kunna manhajar da ta zo da na'urarka. A Windows sunanta File History, tana nan tun Windows 8 a 2012: jona faifan, buɗe Control Panel, nemo ta, danna kunnawa. Muddin faifan na jone, duk bayan awa ɗaya tana ɗaukar kwafin abin da ya canza, tana kuma riƙe tsofaffin siga, ta yadda in ka ɓata babi yau za ka dawo da na jiya. Mac na da Time Machine tun 2007, Ubuntu (wani nau'in Linux) kuma Déjà Dup. Yawancin mutane wannan ya wadatar da su, kuma a ganina babu abin kunya a ciki. Manhajar da ta san darajar mai amfani da ita ita ce wadda ba ta tilasta masa haddar umarni kafin ya tsare kayansa.

Amma maɓalli na ɓoye abin da ke faruwa a bayan fage. Mai shagon da yake son ganin kowane fayil da aka kwafa da idonsa, ya koyi layi ɗaya. A Windows, buɗe Command Prompt, wato baƙin allon nan, ka rubuta wannan umarni na robocopy, manhajar kwafar fayiloli:

robocopy C:\Aiki E:\Ajiya /E /R:1 /W:1 /L

C:\Aiki ita ce foldar da ake kwafa, E:\Ajiya kuma inda za a zuba. Ka duba harafin da kwamfutarka ta ba faifan, don ba lallai ya zama E ba. /E na nufin a haɗa da duk foldojin ciki. /R:1 (a sake gwadawa sau ɗaya) da /W:1 (a jira daƙiƙa ɗaya) kada ka bar su: idan babu su, robocopy ya ci karo da fayil ɗin da ya ƙi kwafuwa, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani, kai kuwa kana zaune kana zaton kwamfuta ta sanƙare. /L gwaji ne kawai, yana jero abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. In jerin ya yi daidai, cire /L ka sake bugawa. Gobe, abin da ya canza kaɗai zai ɗauka.

A Linux ko Mac, rsync ne ke wannan aiki, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996:

rsync -avn Aiki/ /inda/faifan/yake/Ajiya/

A madadin /inda/faifan/yake/ ka sa ainihin adireshin faifanka. Harafin n na cikin -avn shi ne gwajin. Cire shi in ka gamsu.

A nan nake roƙon a yi hattara. Za ka ga ana ba da shawarar /MIR a robocopy ko --delete a rsync. Dukansu suna goge duk abin da ke wurin ajiya wanda babu shi a asali, ba kuma tare da tambayarka ba. Ka juya sunayen foldojin biyu bisa kuskure, aikin shekara ya tafi. Sabon shiga ya bar su tukuna.

Daga ƙarshe, gwada dawo da fayil ɗaya daga faifan, ka buɗe shi ka tabbatar yana karantuwa. Ka riƙa yin haka duk wata. Sannan ka cire faifan, ka sa shi a jaka nesa da rana da ƙura, ka kuma ajiye kwafi na biyu a gida, ba a shago ɗaya da kwamfutar ba.