Yadda ake huda ƙananan duwatsu a gida

Tsinken huda ƙarfe ko katako ba ya cin dutse mai tauri, sai dai ya yi zafi ya dakushe. Nemi tsinke mai garin lu'ulu'u (wato daimon) a baki, na milimita 2 ko 3. Idan kana Yamai, fara cigiya wajen masu kayan gini a kasuwar Katako. Sayi biyu, don siraran saurin karyewa gare su.

1. Sa guntun katako cikin ƙaramar roba, ka ɗora dutsen a kai. Zuba ruwa har ya rufe shi da kamar rabin santimita. Ruwan yana sanyaya tsinken, yana kuma danne ƙurar dutse mai lahani ga huhu. Injin huda mai batir ya fi, tunda ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji.

2. Sa tabarau, ka riƙe dutsen da filaya.

3. Fara a karkace, a hankali, har tsinken ya yi ɗan gurbi, sannan ka miƙe injin tsaye. Wanda ya fara tsaye zai ga tsinken na zamewa yana karce dutsen.

4. Kada ka danna, nauyin injin ya isa. Bayan kowace daƙiƙa 5 ɗaga tsinken ruwa ya shiga ramin. In ruwan ya yi fari kamar kunu, tsinken yana ci. In ya daina, lu'ulu'un ya siɗe, sake wani.

5. Da ka wuce rabi, juya dutsen ka hudo daga baya daidai saitin ramin. In ba haka ba, bayan dutsen yakan ɓantare lokacin da tsinken zai ɓulla.