Yadda ake sa VPN a bokis ɗin telebijin, da abubuwan da ke hana shi kamawa

Kafin ka taɓa telekomand, juya bokis ɗin ka karanta sunan da ke ƙasansa, domin ba kowane akwati da ke ƙarƙashin telebijin ne ke karɓar VPN ba. Dekodan Canal+ da na StarTimes daga parabol ko eriya hotonsu ke saukowa, kuma a rufe suke, ba a sa masu manhaja daga waje. VPN ba ya buɗe tashar da ba a biya ba, duk wanda ya karɓi kuɗinka da wannan alkawari ya cuce ka. Waɗanda ake magana a kansu su ne masu shiga intanet. Akwai masu Android TV ko Google TV na gaskiya, irin su Xiaomi TV Box S da Chromecast mai Google TV. Akwai masu araha, irin su X96, H96, MXQ da T95, waɗanda Android ɗin cikinsu irin na wayar salula ne aka shimfiɗa a allon telebijin. Akwai kuma Fire TV Stick na Amazon, wanda ke karɓa in ban da samfurinsa na farko. Apple TV ya fara karɓa daga tvOS 17, a 2023. Roku da MAG ba sa karɓar manhajar, nasu sai ta rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi.

Aikin VPN shi ne ya kulle bayanan da ke fita daga bokis, ya bi da su ta wata sabar, wato kwamfutar kamfanin VPN, a wata ƙasa, sai shafukan da ka shiga su ga adireshin sabar maimakon naka. Ba ya ƙara ƙarfin rezo, ba ya ba da intanet kyauta. Hasali ma yana ƙara cin forfe kaɗan, tunda kowane ƙunshin bayanai sai an naɗe shi da wani. A lissafin Netflix, awa guda na kallo na iya cin giga 1 a hoto na yau da kullum, giga 3 a HD, giga 7 a 4K. Saurin da ake bukata kuwa mega 3 ne a daƙiƙa don 720p, mega 5 don 1080p, mega 15 don 4K. Saboda haka buɗe fast.com tun VPN na kashe, ka rubuta abin da ya nuna. In layinka na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom bai kai mega 5 da magariba ba, lokacin da kowa ke kan rezo, to da VPN ƙasa zai yi, ba sama ba.

Agogo tukuna

Wannan shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe a Damagaram, kuma da wuya mutum ya zargi agogo. Yawancin bokis ba su da ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci. Da an ɗauke wuta, sai agogon ya koma baya, wani har zuwa 1970, wani zuwa shekarar da aka haɗa shi, ya zauna haka har sai ya samu intanet ya gyara kansa. OpenVPN da WireGuard hanyoyi biyu ne da VPN ke haɗawa da su. OpenVPN yana duba takardar shaidar sabar, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. In bokis yana ganin kansa a 1970, a wurinsa takardar ba ta fara aiki ba, sai ya ƙi. WireGuard kuma yana sa lokaci cikin gaisuwar farko da yake yi da sabar, ita kuma tana tuna lokaci na ƙarshe da ta gani daga gare ka. In ka zo mata da lokacin da ya gaza wancan, sai ta ɗauka tsohon saƙo ne wani ke maimaitawa, ta yi shiru, ba amsa ba bayani.

Shiga Paramètres, ka nemi Date et heure, ka kunna gyaran lokaci ta rezo, ka zaɓi yankin Yamai, wato GMT+1. In babu Yamai a jerin, Legas daidai take da ita. Duk sanda wuta ta dawo, bari bokis ya kama Wi-Fi, ka ga agogon ya daidaita, sannan ka kunna VPN. Minti guda ya isa.

In bokis ɗin na da Play Store na telebijin

Nan abin da sauƙi. Buɗe asusu da kamfanin VPN a wayarka tukuna, kada ka wahalar da kanka da rubuta imel da telekomand. Daga nan shiga Play Store a bokis, ko shagon Amazon in Fire TV ne, ka rubuta sunan kamfanin, ka sauke manhajar. Da yawa cikinsu za su nuna maka ƴan lambobi a allo da adireshin da za ka buɗe a waya ka shigar da su. Karon farko da ka danna haɗawa, Android zai fito da Demande de connexion. Sai ka amince, in ba haka ba babu abin da zai gudana. A wasu bokis masu araha telekomand ba ya isa kan OK ɗin nan. Soka linzamin kwamfuta a ramin USB ka danna shi.

Game da na kyauta: Proton VPN yana da tsarin kyauta mara iyakar giga, sai dai ba kai ke zaɓen ƙasa yadda kake so ba. Windscribe yana ba da giga 10 a wata ga wanda ya tabbatar da imel ɗinsa, abin da bai wuce kallon ƴan awanni a HD ba. Sauran manhajojin kyauta da ba a san mai su ba, a bar su, domin duk abin da ka buɗe ta hannunsu yake bi. Haka ma asusun da ake sayarwa a WhatsApp a raba wa mutum goma: ranar da mai shi ya canza kalmar sirri, kuɗinka sun tafi.

In babu Play Store, ko manhajar ba ta fito ba

Sauke fayil ɗin APK, wato fayil ɗin sa manhajar, daga shafin kamfanin kansa, ka sa a kile USB mai tsarin FAT32, ka soka a bokis, ka buɗe da manhajar duba fayiloli. Zai nemi izinin Sources inconnues, wanda galibi yana cikin Sécurité et restrictions. A Fire TV sai ka shiga À propos ka danna sunan na'urar sau 7 kafin zaɓin masu haɗa manhaja ya bayyana, kuma da yake sandar ba ta da ramin kile, da manhajar Downloader ake saukewa. In ya ce Application non installée, abu biyu ake fara dubawa. Ko dai ka ɗauko fayil na arm64, alhali yawancin bokis a kan 32 bit suke tafiya, sai ka nemi mai armeabi-v7a. Ko kuma Android ɗin bokis ya tsufa wa manhajar. Kada ka dogara da abin da ke kan kwali. Manhajar AIDA64 za ta nuna maka ainihin sigar Android da girman ƙwaƙwalwar, kuma akan tarar da giga 1 a inda kwali ya ce giga 4.

Ga bokis mai rauni, manhajar WireGuard ita kaɗai ta fi manhajar kamfani mai ado sauƙin ɗauka. A shafin asusunka za ka samu fayil mai ƙarewa da .conf. Bokis ba shi da kamara, don haka lambar QR ba ta da amfani, ta kile za ka kawo fayil ɗin. Gajarta sunansa kada ya wuce haruffa 15, babu tazara a ciki, misali paris1.conf, in ba haka ba manhajar za ta iya ƙin sa. Tun a kwamfuta buɗe shi ka ƙara layi biyu. A sashen Interface sa MTU = 1280. Wannan shi ne maganin VPN ɗin da ke cewa ya haɗu amma bidiyo na ta juyawa: ƙunshin bayanan ya yi wa hanyar 4G girma, ƙanana na wucewa, manya na maƙalewa. A sashen Peer sa PersistentKeepalive = 25, don ya riƙa motsi duk daƙiƙa 25, kada rezo ya ɗauka ka tashi ya rufe hanyar. In WireGuard ya ƙi sam a wani layi, koma OpenVPN ta TCP a ƙofa ta 443, wadda shafukan intanet masu tsaro ke bi, shi ya sa ba a cika toshe ta ba. Ya fi nauyi, amma yana wucewa. PPTP kuwa tsaronsa ya daɗe da karyewa, kada a sa shi.

Wajen zaɓen sabar, kusa a taswira ba shi ne kusa a intanet ba. Nijar ba ta da teku, bayanan sai sun sauka gaɓa ta ƙasashen maƙwabta, kuma sau da yawa sai sun je Turai sun juyo. Gwada Legas, gwada Faransa, ka auna kowacce da fast.com a lokacin da ka saba kallo, ka riƙe wadda ta fi. Amurka sai da dalili, nisan na da yawa. Bayan haka buɗe ipleak.net a bokis ɗin kansa. In ƙasar sabar ta fito, kuma babu sunan kamfanin layinka a wurin da shafin ya rubuta DNS, aiki ya yi.

Wayar da ke raba intanet, da hanyar rauta

Gidaje da yawa da waya suke ba bokis intanet, sai mutum ya kunna VPN a wayar ya ɗauka telebijin ma ya shiga ciki. Bai shiga ba. Android ba ya bi da abin da yake rabawa ta cikin VPN ɗin wayar, kai tsaye yake fitar da shi. Dole VPN ya zauna a bokis, ko a na'urar da ke tsakaninsa da intanet.

Na'urar ita ce rauta mai VPN, kuma ita ce mafita ga Roku, MAG da telebijin na Samsung ko LG. Ƙaramin rauta GL.iNet Mango ya ishi gida: kamfanin ya ce yana kai mega 45 da WireGuard, mega 11 da OpenVPN, kuma da USB yake cin wuta, ko fawabank na riƙe shi. Haɗa ramin WAN ɗinsa da modem ɗinka da kabul RJ45, ka shiga 192.168.8.1, ka ɗora fayil ɗin .conf a sashen VPN, ka kunna, sannan ka haɗa bokis da Wi-Fi ɗin Mango, ka sa ya manta da tsohon don kada ya koma can a ɓoye. A kula da abu guda: modem ɗin Huawei da yawa su ma 192.168.8.1 ne adireshinsu. In biyun suka yi karo, intanet ba zai wuce ba. Canza na Mango zuwa 192.168.10.1 kafin ka haɗa su.

Sauran matsaloli

In tura bidiyo daga waya zuwa telebijin ya daina aiki, VPN ne ya rufe hanyar cikin gida. Nemi zaɓin barin LAN, wato hanyar cikin gidan, a cikin manhajar ka kunna. In Netflix ya rage finafinai, ya gane VPN ne, sai ya bar maka waɗanda yake da izinin nunawa a ko'ina kawai. Ware shi daga VPN ta zaɓin raba manhajoji, haka ma YouTube in ba ka bukatar ɓoye shi, saurin zai ƙaru. Gidan ƙasa mai kaurin bango, irin na unguwar Birni a Damagaram, yana shanye Wi-Fi na 5 GHz, koma 2.4, ko ka ja kabul, wanda ya fi duka.

In hoto na tsayawa bayan rabin awa a watan Afrilu ko Mayu, taɓa bokis ɗin. Kulle bayanai aiki ne a kan ƙwaƙwalwarsa, zafi kuma ya haura digiri 40, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Ɗauke shi daga bayan telebijin da kan dekoda, ka ɗaga shi a kan murafun kwalba huɗu iska ta bi ƙasansa, ka busa ƙurar hunturu daga ramukansa. In yana mutuwa yana tashi da kansa, duba cajarsa: yawancinsu 5V 2A suke so, wadda ta gaza haka ba ta riƙe shi in aiki ya yi nauyi.

Akwai cutar da VPN ba ya warkarwa. A 2023 masu bincike sun gano wasu bokis T95 da suka fito daga masana'anta da muguwar manhaja a ciki, a watan Yunin 2025 kuma hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin wannan, mai suna BADBOX 2.0, wadda ke mai da intanet ɗin gidanka hanyar da wasu ke bi. Buɗe Play Store, ka shiga Paramètres, ka duba À propos ko na'urar na da shaidar Play Protect. In babu, kada ka sa babban asusunka na Google ko lambar katin banki a ciki. Buɗe masa imel na daban. Kuma ka duba forfe da safe bayan bokis ya kwana a kunne ba mai kallo: in giga ya ragu, cire shi daga wuta da daga Wi-Fi ɗin gidan.